Irin da Gwaggo Ta Bi Gona-Gona Ta Roƙo

Daga Allah muka zo, gare shi za mu koma, mai taurin kai da mai sanyin hali duk hanya ɗaya. Gwaggo, yayar mahaifina, ta bi wannan hanya wata Laraba da hantsi, a ƙarshen bazara, lokacin da gawo ya zubar da ganyensa kowa yana ɗaga kai yana duban gabas. Ba ta yi doguwar jinya ba. Ta sha kununta, ta yi wa jikarta faɗa don ta bar randa a buɗe, ta ce bari ta ɗan kishingiɗa. Shi ke nan.

Kafin azahar gidan ya cika. Wata tsohuwa da aka kawo daga Gazawa a bayan babur ta zube a tsakar gida tana tambayar wa zai riƙa gaya mata gaskiya a fuska yanzu. Bafulatanar da ke kawo mana nono ta zauna bakin ƙofa, ta ce tun tana amarya Gwaggo ba ta taɓa karɓar nononta ba sai ta ce an yi masa ruwa, kuma ba ta taɓa barinta ta koma ruga da yunwa ba. Liman ya ce shi kam tsoronta yake ji, bai kuma ji kunyar faɗin haka a gaban jama'a ba. Baba kuwa, ƙanenta, wanda tsufa ya riga ya ci idonsa, ya jira har aka dawo daga kushewa. Sannan ya ce, "Yaya ta tafi ba ta ba ni haƙuri kan gefen gonata ba." Mutane suka yi dariya, shi kuma ya rufe fuska da hannun riga ya yi ta kuka. Waɗanda suka san labarin gefen gonar nan sun ragu, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Da la'asar ɗin ranar hadari ya taso, aka yi ruwa mai kyau, ruwan shuka na fari. Washegari maza suka leƙo da sassafe, suka yi addu'a a gaggauce, kowa ya saɓa sunguminsa ya nufi daji. Ba wanda ya ga laifinsu. A jigawarmu danshi ba ya jiran kowa, in ka bar shi ya wuce sai ka yi ta cizon yatsa har kaka. Mu 'yan gida muka zauna kan tabarma muna karɓar gaisuwa, tsofaffin mata kuma suka shiga aikin da suka fi iyawa, wato lura da wanda ya zo da wanda bai zo ba. Can wata ta ce ina 'Yar Kumasi? Jiya an gan ta wajen wankan gawa, yau kuwa ko ƙeyarta. Wata ta karɓe, ta ce ai dama haka duniya take, wadda Gwaggo ta tsinto a bakin kasuwa yau shuka ta fi mata zaman makoki. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ina da zafin zuciya, kuma kowa ya san a wurin wa na gaje shi.

Bari in faɗi ko wace ce 'Yar Kumasi.

Ba a daɗe sosai da samun 'yancin kai ba, tuta ta sauya amma mu a ƙauye gyaɗarmu muke nomawa kamar da, sai muka ji an kori baƙi daga Gana. Da sanyi, bayan an gama kai amfani gida, manyan motocin kaya suka fara sauke mutane a Cadawa. Wasu sun san gidajensu, suka wuce. Wasu kuwa kakanninsu ne suka tafi fataucin goro ba su dawo ba, su can aka haife su, sunan ƙauye kawai suka riƙe a baki. Gwaggo a lokacin mijinta ya rasu, tana kai man gyaɗa da ƙuliƙuli kasuwa. Ranar nan ta tarar da wani mutum zaune gindin aduwa da matarsa da ɗiya ƙarama, da ƙunshin kaya guda, yana tambayar kowa hanyar ƙauyenmu. Ya ce kakansa daga nan ya fito. Ba wanda ya tuna kakan. Matar, wadda daga baya gari ya riƙa kira 'Yar Kumasi don daga can suka fito, tana goye da zani wanda babu kowa a ciki, don jaririnsu ya rasu a hanya sun binne shi a wani gari da ba su ma san sunansa ba.

Gwaggo ba ta shawarci kowa ba. Ta ɗora wa mutumin tulun manta a ka, ta saɓa ɗiyar a kafaɗa, ta ce su biyo ta. Ni a lokacin ina da aure da goyo, darni ɗaya ya raba gidan mijina da nata. Ina tankaɗe na ga ta shigo da su. Na tambaye ta su wane ne, ta ce in ɗora ruwan zafi in daina tambaya.

Haka take. Ba ta iya lallashi ba, ko kaɗan. In an zo mata da kuka, abin da take fara cewa shi ne, "An mutu ne?" In aka ce a'a, sai ta ce to a tashi. Amma mu da muka zauna da ita mun san ita ce ta fi kowa fargaba. In abu ya dame ta sai ta ɗauki asuwaki ta yi ta tauna har ya zama zare, ta kasa zama wuri ɗaya, ta share tsakar gidan da ta riga ta share. Ita kanta a goye aka shigo da ita ƙasar nan daga wajen Katsina a wata shekarar yunwa, kuma ta ce uwarta ba ta taɓa manta gidan da aka rufe musu ƙofa da gidan da aka buɗe ba.

Mutanen nan Hausa suke yi, salla suke yi, amma wallahi kamar daga wata duniya suka faɗo. Mijin tela ne, kekensa ya rage can, bai taɓa riƙe hauya ba. Matar ta saba da famfo, ranar da ta fara jan guga a rijiyarmu mai zurfi igiya ta sale mata tafin hannu har jini. Gwaggo ta shafa mata man shanu, ta ɗaure mata da tsumma, washegari ta sake tura ta. Na ce haba Gwaggo, ki bar ta ta warke mana. Ta ce ita ba za ta dawwama ba, ranar da ba ta nan wa zai ja mata? Ta koya mata surfe da dama fura, ta koya mata cire ƙarangiya daga ƙafar yaro da toka a yatsa, ta koya wa mijin inda ake tuɓe takalmi in za a gaida maigari. Yaran gari suna bin ɗiyar suna kwaikwayon Hausarta, Gwaggo ta kama ɗaya ta murɗe masa kunne a gaban uwarsa, aka yi wata guda ba a gaisawa. Da jandarma suka zo duba baƙi, ta tsaya bakin ƙofa ta ce nan babu baƙo, 'yan gidanta ne.

Ɗiyar ce ta fi ba mu tsoro. Ta ƙi tuwon hatsi, tana kukan sakwara da ayaba, ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta. Gwaggo ta taka har gulbi wajen masu lambu ta samo rogo, ta dafa, ta kirɓa, ta yi abin da ta ce sakwara ce. Uwar ta ɗanɗana, ta yi dariya, karo na farko da na ji dariyarta. Ɗiyar dai ta ci. Daga baya ta yarda da kunu, shi kaɗai.

Sai maganar gona. Gwaggo ta je ta zauna a zauren maigari ba ta tashi ba sai da ya ba su aron wata saura, gonar da aka daɗe ba a noma ba, a arewacin gari. Amma ya gindaya sharaɗi: damina ɗaya. In an shuka an nome, su ci gaba da riƙewa, in ta kwana babu shuka ya ba wani, don masu so suna da yawa. Mijin kuma ya faɗa wa maigidana a fili cewa in gonar nan ba ta yi ba, ba zai zauna a ciyar da shi kamar gurgu ba, zai kwashi iyalinsa su sake bin hanya, ko Kano ko inda Allah ya kai su. Matar ta ji. Ta zo ta bakin darni ta ce mini, a hankali, ita in aka sake hawa motar nan ta san ɗiyarta ba za ta sauka da rai ba. Duk abin da ya biyo baya a kan wannan yake.

Tun da sanyi Gwaggo ta raba damin irinta biyu, zangarniyar da ta zaɓa da hannunta a kaka, ta ba su rabi. Ta ce wannan iri ne, a rataye shi a ɗaki, kada a taɓa. Suka ce to. Da bazara ta yi nisa, ɗiyar Gwaggo da ke aure wajen Gidan Rumji ta haihu, aka aiko. Kafin ta tafi ta yi binne a gamanarta, 'yar gonarta ta kanta, wato ta zuba nata irin cikin busasshiyar ƙasa ya jira ruwa, don kada a yi ruwa tana can. Ta bar musu hatsin ci, ta tafi wankan jego.

Haihuwar ta zo da gardama, Gwaggo ta daɗe fiye da yadda ta yi niyya. Hatsin ya ƙare. Ɗiyar baƙin ta kamu da zawo, ba abin da ke zama a cikinta sai kunu. Matar ta ji nauyin sake roƙon maƙwabta, ga kuma hatsi a rataye bisa kanta. A Kumasi, kamar yadda ta gaya mini daga baya, duk abin da kake so kowane wata yana kasuwa, kuma ƙasa ba ta barci, ka karya reshen rogo ka soke ya kama. Mijin ya ce ta sauke, in lokaci ya yi a nemi wani. Ba su san cewa a wurinmu iri ba hatsi ba ne kawai. Ta riƙa zare zangarniya kaɗan-kaɗan tana sussukawa tana dama wa ɗiyarta. Muna jin daka ta bayan darni, muna cewa madalla, baƙi sun iya turmi.

Ranar da Gwaggo ta dawo, ko ruwa ba ta sha ba ta shiga ɗakinsu ta ɗaga kai. Igiya ce kawai ke lilo. Ina nan tsaye. Na ɗauka za ta rushe gidan da faɗa, don a kan murfin randa ma tana yi. Ta dubi igiyar, ta dubi ɗiyar da ke zaune tana wasa da ludayi, ta tambaya ko zawon ya tsaya. Aka ce ya tsaya. Ta ce, "To, ba a mutu ba." Ta fita. Amma a ranar ta cinye asuwaki biyu, ta share tsakar gida har ƙasa ta yi rami.

Ga inda matsalar take. A garinmu, daga ranar da gawo ya fara zubar da ganye har mutum ya gama shukarsa, iri ba ya fita daga gida. Ko ƙwaya. An ce albarkar gonar ke bin shi ta tafi. Kana iya ba maƙwabcinka tuwo, ka ba shi riga, ka ba shi jaki, amma ban da iri. Malamai sun sha faɗa cewa wannan ba ya cikin littafi, kowa ya ce gaskiya ne malam, kowa kuma ya ci gaba da ɗaure bakin buhunsa. Gawo kuwa ya riga ya fara zuba. Na Gwaggo yana cikin ƙasa. Hatsin kasuwa a wannan lokaci, in ma an samu, tsoho ne da ƙwari suka huda, ba mai zuba shi a rami. Ga daminar bara ba ta yi kyau ba, kowa a tsorace yake.

Ta je wurin Baba, don shi ke da gandu mafi girma a danginmu, irinsa kuma ya fi na kowa yawa. Ina daga waje ina jin su. Ya ce mata ta san al'ada, ita ce ma ta koya masa. Ta ce ta koya masa wanke hanci ma, ya riƙe? Ya ce yana da baki fiye da ashirin a wuyansa, ba zai yi wasa da abincinsu ba saboda mutanen da suka cinye irinsu da hankalinsu. Ta ce yarinya suka ceta da shi, ba biki suka yi ba. Ya ce in ya gama shuka ta zo ta kwashi abin da ya rage. Ta ce gandunsa kwana nawa yake ɗauka, kafin nan ƙasa ta bushe, ragowar ta dafa ta sha? Murya ta hau. Ta fito tana cewa da ta sani da ta bar shi ya faɗa rijiya tun yana rarrafe. Baba mutumin kirki ne, kada a fahimce ni ba daidai ba. Tsoro ne ya kama shi, irin wanda ya kama kowa.

Kwanakin da suka biyo baya ban taɓa ganin irinsu ba. Kowa na roƙon ruwa, mu a gidan nan muna tsoron ya zo. In hadari ya haɗu a gabas sai in fito in yi ta dubansa. Mijin ya daina fita majalisa. Matar ta wanke 'yan kayansu ta ƙulle a zani ta ajiye bayan ƙofa, ta ce gara ta shirya. Gwaggo ta gani, ta kwance ƙunshin ta watsar da kayan a kan gado.

Ruwan ya zo da yamma, mai yawa, har kwari ya kawo. Da asuba gari ya watse daji. Gwaggo ta aiki tela gonarsu da sungumin marigayi mijinta, ta ce ya fara sara rami kamar yadda aka nuna masa, matarsa ta zauna a bakin gona ta jira. Ya ce ya sara rami a zuba me? Ta ce wannan ba aikinsa ba ne. Ta ɗauki ƙwarya babu komai a ciki, ta fita.

Abin da ta lissafa shi ne, al'ada ta hana ba da iri kafin a gama, ba ta hana bayan an gama ba. Masu ƙananan gonaki kuwa da wuri suke gamawa. Sai ta fara da su: tsofaffi, gwauraye, makaho mai 'yar gona bayan makabarta wanda jikokinsa ke shuka masa. Ba ta roƙo da baki. Ta je ƙarshen gona ta tsaya da ƙwaryarta, ta jira a rufe ramin ƙarshe, ta ce sannu da aiki. Kowa ya san abin da ya kawo ta. Ragowar nan ma ba a banza take ba, ita ake ajiyewa don a sake shuka in ta farko ta ƙone. Wani ya ba da tafi guda yana kawar da kai. Wata ta juye ɗan ƙoƙonta duka. Wani ya ce bai gama ba alhali ta ga ya gama, ta ce Allah ya ba da damina, ta wuce.

Ni ina gandun surukaina, maigidana na gaba da sungumi ina binsa ina zubawa ina rufewa da diddige. Daga nesa nake hango ta tana ratsa jigawa, tana ɗingishi saboda gwiwarta. Duk ramin da na taka sai in ji yadda danshin ke ja da baya. Da hantsi rairayin na manne wa ƙafa. Kafin azahar saman ya yi fari, sai ka tona da yatsa kafin ka ji sanyi. Na rasa inda zan sa raina, har maigidana ya ce in na ci gaba da zuba iri a gefen rami gara in tafi in bi ta. Ban jira ya sake faɗa ba.

Na same ta leɓɓanta sun bushe. Na leƙa ƙwaryar, ko rabi ba ta kai ba. Hatsi iri-iri ne a ciki, fari da baƙi-baƙi, manyan ƙwayoyi da ƙanana. Ta juye mini a gefen mayafi, ta ce in kai wa 'Yar Kumasi wannan su fara, ita za ta wurin ƙanenta. Na kai, na nuna wa matar yadda ake tsunkulo kaɗan da yatsu uku a jefa a take, na juyo da gudu.

Baba da mutanensa suna tsakiyar aiki, gandun da saura da yawa. A bakin gonar akwai wani babban gawo, kuma duk wanda ya san gawo ya san a wannan lokaci ba shi da ganye ko ɗaya, inuwarsa ba ta rufe ko kaza. Nan Gwaggo ta je ta zauna, cikin rana tsaka, ta ajiye ƙwarya a gabanta. Ba ta kira shi ba. Ya kai ƙarshen layi ya juyo, ya gan ta, ya yi kamar bai gani ba. Ya sake zuwa, ya sake komawa. Matansa suka fara satar kallonta. Masu wucewa suna tsayawa su gaishe ta su dubi Baba. Na kai mata ruwa ta ce in mayar, ba ta jin ƙishi. Ƙarya take. Na ji tsoron kada ta faɗi, na ji tsoron kada Baba ya yi taurin kai irin nasu na gado, na kuma ji tsoron ranar da ke ta karkata.

A zuwa na ban san nawa ba ya tsaya a gabanta, gumi na zuba.

"Yaya, don Allah ki tashi daga ranar nan."

"Ka gama?"

"Kin ga ban gama ba."

"To ina jira, Auta. Yi aikinka."

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya juya, ya taka zuwa inda shukar ta tsaya, ya kafa sungumi a ƙasa ya ja dogon layi tun daga wannan gefe har wancan. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce gonarsa bana nan ta ƙare, abin da ke bayan layin nan ba gona ba ne, saura ce. Ya ce ya gama shuka. Ya karɓi buhun iri daga hannun babban ɗansa, ya zo ya juye a ƙwaryar Gwaggo har ta cika ta zube, ya miƙa mini sauran. Bai dube ta ba. Ita ma ba ta yi godiya ba, ta ce ya ɗaga ta, ƙafarta ta mutu.

Wannan shi ne gefen gonar. Yanki ne mai kyau, mai taki, ya kwana shekara guda babu komai sai ciyawa, kuma Baba bai daina ambatonsa ba duk lokacin da suka yi faɗa.

Muka ɗunguma gonar baƙi, har da 'ya'yan Baba, tunda an ce sun gama. Ramukan da tela ya sara tun safe sun bushe, ga su a karkace kamar tafiyar maye, hannunsa duk ya fashe. Aka sake sara, da zurfi, ana bin danshi. Gwaggo ta haɗa irin duka wuri ɗaya ta gauraya da hannu. Ta tsaya bayan 'Yar Kumasi tana yi mata faɗa, ta ce ba da yatsun ƙafa ake rufewa ba, da diddige, a danna, ba rawa aka zo yi ba. Muka yi har rana ta faɗi, muka ƙarasa da sassafe.

Sai ruwa ya ɗauke. Shuka ta tsira, ta yi kamar allura, ta tsaya. Kullum rana, kullum iska mai zafi. Ganyen ya fara naɗewa. Wasu a gari suka fara cewa ai ga abin da ake faɗa, an yi wa al'ada wayo, Allah ya sa kada ta shafi kowa. Baba ya daina cin abinci sosai. Gwaggo kullum da safe sai ta je gonar baƙi kafin tata, ta tsuguna ta tona gindin shuka da yatsa, ta dawo. Ba wanda ke da irin sake shuka a gidan nan, kowa ya sani. Ƙunshin kaya ya koma bayan ƙofa, wannan karon ba ta kwance shi ba. Wata rana na same ta ita kaɗai a bayan rumbu tana kuka. Da ta gan ni ta ce hayaƙi ne, alhali ba a hura wuta ba.

Allah ya kawo ruwa ranar da aka fita roƙo karo na biyu. Wani yanki na gonar ya riga ya ƙone, sauran ya farfaɗo. Da hatsi ya tashi, gonar ta zama abin kallo. Wani dogo ya fi mutum, wani iya ƙugu, wani mai gashi, wani ya fid da kai tun sauran ba su yi ciki ba. Masu wucewa suna dariya suna cewa gonar tela ce, da ƙyalle-ƙyalle aka ɗinka ta. Ba a girbe ta rana ɗaya ba, sai bi-da-bi. Ba ta cika rumbu ba, amma ta kai su, maigari kuma ya bar musu gonar. A kakar nan 'Yar Kumasi da kanta ta zaɓi zangarniyar iri, daga kowane kala, ta ɗaure ta rataye. Ko da yunwar da ta zo bayan 'yan shekaru ta sa mutane cin abin da ba a faɗa, damin nan bai sauko ba. Tela ya rasu a nan, an binne shi kusa da mutanenmu. Ɗiyar da ta sha kunun iri tana aure a Agye, da jikoki.

Wannan matar ce aka ce ba ta zo zaman makoki ba. Na daure har hantsi ya yi, na kasa. Na ja mayafi na fita, ina shirya maganganun da zan gaya mata, kuma ba masu daɗi ba ne. Gidanta a rufe. Na nufi gonarsu ta arewa, na tarar ba kowa, ko rami ɗaya ba a sara ba, ga ƙasa jiƙe tana ta shan rana. Na ce ko wani abu ya same ta.

A hanyar dawowa na bi ta gamanar Gwaggo, wadda ba wanda ya tuna da ita tunda mu duka muna kan tabarma. Daga nesa na hango mutane. 'Ya'yan 'Yar Kumasi maza ne a gaba da sungumi, ita tana biye da ƙwarya, kanta fari fat, tana jefawa tana dannawa da diddige. Sun kusa kai ƙarshe. Na leƙa ƙwaryar, fari da baƙi-baƙi, manya da ƙanana.

Na ce, "Ke, ba ki shuka taki ba. Kin fid da iri daga gida."

Ba ta tsaya ba. Ta ce, "Na sani. Tawa ta jira. Inna ba ta son a bar ƙasa ta bushe."

Gwaggo take nufi, haka take kiranta. Duk maganganun da na ƙullo suka zube. Na tuɓe takalmi, na ɗebi irin a gefen mayafina, na kama layin da ke kusa da nata.

Allah, ga baiwarka nan ta zo maka baƙuwa, ba ta san kowa ba, ba ta riƙe komai ba. Ka buɗe mata ƙofa kamar yadda ta buɗe, ka yafe mata zafin bakinta, ka zaunar da ita a inuwa. Ta daɗe a rana.